Kujeru 43 da 41 da 3: Yadda Zaɓen 2017 Ya Sauya Gwamnati a Lardin Biritish Kolombiya

A daren 9 ga Mayu, 2017, ma'aikatan zaɓe a mazaɓar Courtenay-Comox da ke tsibirin Vancouver, a lardin Biritish Kolombiya na ƙasar Kanada, suka gama ƙirga abin da ke cikin akwatuna, suka tarar tazarar da ke tsakanin ta ɗaya da na biyu ƙuri'a 9 ce tak. Ronna-Rae Leonard ta jam'iyyar NDP ce a gaba, Jim Benninger na jam'iyyar Liberal, tsohon kwamandan sansanin sojan sama da ke Comox, yana biye da ita. Ba don yadda sauran lardin ya kasance ba, da labarin bai wuce jaridun garin ba. Amma majalisar dokokin Biritish Kolombiya kujeru 87 gare ta a lokacin, mai son rinjaye sai ya haɗa 44, jam'iyyar Liberal mai mulki kuwa ta tsaya a 43. Da waɗannan ƙuri'u 9 sun juya, da Firimiya Christy Clark ta ci gaba da mulkinta ba tare da ta nemi alfarmar kowa ba.

Biritish Kolombiya shi ne lardin da ke can ƙarshen yammacin Kanada, a bakin tekun Fasifik. Faɗin ƙasarsa ya ɗan ɗara na Nijeriya gaba ɗayanta, amma mutanensa a lokacin ba su kai miliyan biyar ba, kuma kusan rabinsu a Vancouver da kewayenta suke. Babban birnin lardin, Victoria, yana kan tsibiri. Tsarin mulkinsu irin na Birtaniya ne, wanda iyayenmu suka sani a zamanin Sardauna: ba a zaɓen Firimiya kai tsaye. Kowace mazaɓa tana zaɓen wakili guda, wanda ya fi kowa ƙuri'a shi ya ci ko da tazarar ɗaya ce, sannan wanda majalisa ta yarda da shi shi ke kafa gwamnati. Sama da Firimiya akwai Laftanar Gwamna, wakilin Sarauniya a wancan lokacin, wanda aikinsa a yawancin shekaru bai wuce sa hannu a doka da karanta jawabin buɗe majalisa ba.

Kada sunan Liberal ya rikitar da mai karatu. Wannan jam'iyya ta lardi ba reshen jam'iyyar Liberal ta tarayya, wadda Justin Trudeau ke jagoranta a lokacin, ba ce. Gamayya ce ta 'yan kasuwa da masu ra'ayin riƙau da masu tsaka-tsaki, waɗanda abin da ya haɗa su shi ne kada NDP, jam'iyyar ƙungiyoyin ƙwadago, ta hau mulki. Tun 2001 suke riƙe da lardin har zuwa wannan zaɓe. Clark ta gaji kujerar daga Gordon Campbell a 2011, kuma a 2013 ta ba kowa mamaki: duk binciken jin ra'ayi ya nuna faɗuwa za ta yi, sai ga shi ta ci kujeru 49, duk da cewa ita kanta ta rasa mazaɓarta a Vancouver a hannun David Eby na NDP, har sai da wani ɗan jam'iyyarta ya sauka ya bar mata tasa a yankin Kelowna.

Abin da ya ci Liberal a birni

In da tattalin arziki kaɗai ake dubawa, ba abin da zai kayar da Clark. Ta shiga zaɓe da kasafin kuɗi biyar a jere ba giɓi, lardin yana kan gaba a Kanada wajen bunƙasa, rashin aikin yi kuma ya yi ƙasa. Da wannan ta yi ta yaƙin neman zaɓe, tana sanye da hular kwano a masana'antu da wuraren gine-gine, tana maganar ayyukan yi.

Sai dai mutumin da ke haya a Vancouver bai ga wannan bunƙasa a aljihunsa ba. Farashin gidaje ya yi tashin gwauron zabo, har ma'aikaci mai albashi mai kyau ya cire rai da mallakar gida a garin da aka haife shi. Gwamnati ta daɗe tana jan ƙafa kafin ta sa harajin kashi 15 cikin ɗari a kan baƙi masu sayen gidaje a watan Agustan 2016, kuma jama'a da yawa sun ɗauke shi ihu bayan hari. A watan Nuwamban shekarar Kotun Ƙolin Kanada ta ba ƙungiyar malaman makaranta gaskiya a rikicin da ya faro tun 2002, lokacin da gwamnati ta soke sharuɗɗan yawan ɗalibai a aji daga yarjejeniyar aikinsu. Ministar ilimi a wancan lokacin ita ce Clark da kanta. Ga kuma batun kuɗin siyasa. A lardin ba a ƙayyade abin da kamfani ko ƙungiyar ƙwadago za su iya bai wa jam'iyya ba, ana shirya liyafar cin abinci da Firimiya a kan dubban daloli, ita kuma jam'iyya tana ƙara mata dalar Kanada 50,000 a shekara a kan albashinta. Maganar ta yi tsami har jaridar New York Times ta ɗauke ta a farkon 2017, Clark ta daina karɓar kuɗin, amma tabon ya riga ya zauna.

Abin da ya fi saurin juya kujeru, a ganina, shi ne kuɗin gada. A lokacin, duk mai ƙaramar mota da zai tsallaka gadar Port Mann daga garin Surrey da ke kewayen Vancouver zuwa wurin aikinsa sai ya biya dala 3.15, in zai dawo ya sake biya. Ka lissafa wannan sau biyu a rana, kwana biyar a mako, shekara guda. Liberal ta yi alkawarin ƙayyade abin da mutum zai biya a dala 500 a shekara. John Horgan, shugaban NDP, ya ce shi soke kuɗin zai yi ɗungurungum, a Port Mann da gadar Golden Ears duka. Ya ƙara da alkawarin renon yara a kan dala 10 a rana da kai mafi ƙarancin albashi dala 15 a awa. Da aka ƙirga ƙuri'u, NDP ta kwashe kujeru 6 cikin 9 na Surrey, ta haɗa da biyun Maple Ridge. Ministoci huɗu suka faɗi a Vancouver da kewaye, cikinsu har da ministar shari'a Suzanne Anton.

A karkara kuwa akasin haka aka gani. Garuruwan katako da ma'adinai da iskar gas na ciki da arewacin lardin sun ƙara rungumar Liberal, har ta ƙwace Skeena da Columbia River-Revelstoke daga hannun NDP. Taswirar sakamakon ta fito kamar an ja layi: bakin teku da birni gefe guda, cikin ƙasa gefe guda.

Jam'iyya ta uku, Green, mai fafutukar kare muhalli, ta shiga zaɓen da kujera ɗaya ta fito da uku, dukkansu a tsibirin Vancouver. Shugabanta Andrew Weaver masanin yanayi ne daga Jami'ar Victoria. Sonia Furstenau ta yi suna ne wajen yaƙi da izinin da gwamnatin Liberal ta bayar na jibge gurɓatacciyar ƙasa kusa da tafkin Shawnigan, inda mutanen yankinta ke shan ruwa. Adam Olsen kuma ɗan asalin ƙasar ne daga al'ummar Tsartlip.

Mako biyu ana jiran ambulan

Dokar lardin ta ba mai zaɓe damar jefa ƙuri'a a kowace rumfa, ko da ba ta mazaɓarsa ba ce. A wancan lokacin, irin wannan ƙuri'a ba a ƙirga ta a daren zaɓe. Ana rufe ta a ambulan mai ɗauke da bayanan mai ita, a aika da ita mazaɓarsa, a tantance cewa bai yi zaɓe sau biyu ba, sannan a buɗe. A 2017 irin waɗannan ambulan sun haura 170,000, kuma doka ta ce ba za a taɓa su ba sai bayan kwana 13. Lardi guda ya zauna mako biyu bai san wa zai mulke shi ba.

Daga 22 zuwa 24 ga Mayu aka yi ƙirgar ƙarshe. A Courtenay-Comox an fara da sake ƙirga ƙuri'un daren zaɓe, sannan aka shiga buɗe ambulan a gaban wakilan jam'iyyu, hukumar zaɓe tana fitar da alƙaluma lokaci zuwa lokaci. Akwai lokacin da Benninger ya shige gaba da 'yan ƙuri'u, magoya bayan Liberal suka fara hango rinjaye. Da aka gama, Leonard ta ci da tazarar 189. A wannan mazaɓa 'yar takarar ƙaramar jam'iyyar Conservative ta samu ƙuri'u sama da 2,000, kuma da wuya a ce yawancinsu ba na Liberal ba ne da ba ta tsaya ba.

Sakamakon ƙarshe bai sauya kujera ko ɗaya ba: Liberal 43, NDP 41, Green 3. A jimillar ƙuri'u kusan miliyan biyu da aka kaɗa, abin da ya raba manyan jam'iyyun biyu bai kai 2,000 ba, kowace ta samu kashi 40 da 'yan ɗigo. Green ta samu kusan kashi 17. Rabon da lardin ya ga majalisar da ba mai rinjaye tun 1952.

Ya kamata a tsaya a kan wannan kashi 17, don shi ne tushen duk cinikin da ya biyo baya. Da a ce ana raba kujeru daidai da yawan ƙuri'a, Green za ta samu kusan 15. Ta samu 3. Mutanen lardin sun daɗe da sanin wannan ciwo. A 1996 NDP ta kafa gwamnati mai rinjaye alhali Liberal ta fi ta ƙuri'a. A 2001 Liberal ta ci kujeru 77 cikin 79 da ƙasa da kashi 60 na ƙuri'u, Green ta samu sama da kashi 12 ba ta ga ko kujera ɗaya ba. A 2005 an yi ƙuri'ar raba gardama kan sauya tsarin, kusan kashi 58 suka ce a sauya, amma sharaɗin kashi 60 aka gindaya. Saboda haka da Weaver ya tsinci kansa da mabuɗin gwamnati a hannu, bai ɓoye abin da yake so ba: a amince da Green a matsayin cikakkiyar jam'iyya a majalisa duk da ba ta kai kujeru huɗun da ƙa'ida ta nema ba, a hana kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago ba jam'iyyu kuɗi, a kuma sauya tsarin zaɓe.

Mutane da yawa sun zaci wajen Clark Weaver zai karkata. A majalisar da ta gabata sun yi aiki tare a kan wasu dokoki, ciki har da wadda ta hana masu gidajen abinci tilasta wa mata ma'aikata sa takalmi mai tsini. Shi da Horgan kuwa sun sha gwabzawa a muhawara. Lissafin ma ya fi daɗi ta can: 43 da 3 sun ba da 46, alhali 41 da 3 sun ba da 44 cif. Green ta zauna da ɓangarorin biyu. Amma akwai abubuwan da ba su saɓuwa. Liberal tana goyon bayan faɗaɗa bututun man Trans Mountain na kamfanin Kinder Morgan, wanda zai ninka yawan jiragen dakon mai a mashigar Vancouver, ita ce kuma ta fara gina madatsar ruwa ta Site C a kogin Peace. Mutanen da suka zaɓi Green ba don su tsawaita mulkin shekara 16 suka zaɓe ta ba, kuma da wuya Furstenau ta koma Shawnigan ta ce ta haɗa kai da gwamnatin da ta yi shekaru tana yaƙa. A ƙarshen makon da ake wannan ciniki aka hango Horgan da Weaver zaune gefe da gefe suna kallon wasan rugby a Langford. Ran 29 ga Mayu suka fito tare suka sanar da yarjejeniya.

Ba gwamnatin haɗin gwiwa suka ƙulla ba, Green ba ta karɓi minista ko ɗaya ba. Abin da ta ɗauka shi ne za ta mara wa NDP baya a kan kasafin kuɗi da duk wata ƙuri'a da faɗuwarta ke nufin faɗuwar gwamnati, sauran dokoki kuma kowa da ra'ayinsa. Ita NDP ta yi alkawarin ƙuri'ar raba gardama kan tsarin zaɓe a 2018, da hana manyan gudummawar kuɗi, da ƙara harajin hayaƙi da dala 5 a kan kowane tan duk shekara, da miƙa Site C ga hukumar kula da wutar lantarki ta sake dubawa, da yaƙar bututun mai ta duk hanyar da doka ta bari. Duk 'yan majalisa 44 suka sa hannu, aka kai takardar fadar Laftanar Gwamna.

Zauren majalisa ne ke yanke hukunci

Laftanar Gwamna a lokacin Judith Guichon ce, makiyayiya daga kwarin Nicola wadda ta taɓa shugabantar ƙungiyar masu kiwon shanu ta lardin, aka naɗa ta a 2012. Ga takarda a gabanta mai ɗauke da sa hannun mafi yawan 'yan majalisa, suna cewa ba su tare da Firimiya. Ba ta yi komai a kai ba. A al'adar wannan tsari, Firimiya mai ci tana da haƙƙin fuskantar sabuwar majalisa ta gwada sa'arta, kuma Clark ta ce haka za ta yi, ko da ta san faɗuwa za ta yi.

Wanda ya san tarihin Jamhuriya ta Farko a Nijeriya zai ji wannan wuri ya taɓa shi. A watan Mayun 1962 Gwamnan Jihar Yamma, Ooni na Ife Sir Adesoji Aderemi, ya karɓi irin wannan takarda daga mafi yawan 'yan majalisar yankin, ya tsige Firimiya Samuel Ladoke Akintola a kanta ba tare da an kaɗa ƙuri'a a zaure ba, ya naɗa Alhaji Dauda Adegbenro. Majalisa ta zauna aka yi ta jifa da kujeru, gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci, shari'a ta tafi har Landan. Kotun can ta ce Gwamna yana da hurumin abin da ya yi, amma kafin nan wutar ta riga ta kama, kuma ba ta mutu ba har juyin mulkin 1966. Tsarin ɗaya ne, tambayar ma ɗaya ce: takardar sa hannu ta isa, ko sai an ƙirga hannuwa a zaure? Ba na cewa wannan kaɗai ya raba makomar wuraren biyu, don rikicin Yamma yana da saiwoyi da yawa. Amma jiran da Guichon ta yi ya toshe ƙofar da wani zai ce an yi masa ƙwace.

Clark ta rantsar da sabbin ministoci ran 12 ga Yuni, majalisa ta zauna ran 22. Nan aka ci karo da matsalar kakaki. Dole sai an zaɓi kakaki kafin a yi komai, kuma kakaki ba ya jefa ƙuri'a sai an yi kunnen doki. Duk ɓangaren da ya bayar da shi ya rage wa kansa hannu ɗaya. Tun da Liberal ce ke gwamnati, ita ta bayar da Steve Thomson, ta koma 42.

Jawabin buɗe majalisa da gwamnati ta rubuta wa Guichon ta karanta ya ba mutane mamaki. Jam'iyyar da ta yi wata guda tana cewa alkawuran NDP za su talauta lardin, sai ga ta tana alkawarin soke kuɗin gada, da hana gudummawar kamfanoni, da ƙara kuɗin tallafin marasa galihu da dala 100 a wata bayan shekara goma ba ƙari, da zuba kuɗi a renon yara, da ƙuri'ar raba gardama kan tsarin zaɓe. Manufar a fili take: ko a ja hankalin Green, ko a samu ɗan NDP guda ya yi tuntuɓe, ko kuma a shiga sabon zaɓe da waɗannan alkawura. A nan ne nake ganin Clark ta yi babban kuskurenta. Ba ta samu ƙuri'a ko ɗaya daga ɗaya ɓangaren ba, kuma ta bar 'yan jam'iyyarta masu ra'ayin riƙau suna tambayar kansu abin da suka tsaya a kai. Gwamnati ta kawo ƙudurori biyu, ɗaya ma na ba Green matsayin da take nema ne, 'yan majalisa 44 suka kashe su tun a karatun farko. Weaver ya ƙi karɓar abin da ya roƙa, don karɓarsa daga wannan hannun zai warware igiyar da ya ɗaura.

Ran 29 ga Yuni aka kaɗa ƙuri'ar rashin amincewa, 44 da 42. Kwana 51 ke nan bayan zaɓe. Da yamma Clark ta tafi fadar Laftanar Gwamna, suka daɗe a ciki. A baya ta sha faɗin cewa ba za ta nemi sabon zaɓe ba, amma daga baya ta tabbatar da bakinta cewa ta ba da shawarar a rushe majalisa. Hujjarta ba ta banza ba ce. In NDP ta hau, Thomson zai sauka, sai ita ta ba da kakaki, zaure ya koma 43 da 43. Kowace doka sai kakaki ya raba gardama, alhali al'ada ta ce ya tsaya tsakiya. In mutum ɗaya ya kwanta asibiti ko jirgin ruwa ya makara da shi daga Vancouver, gwamnati na iya faɗuwa.

Kusan kullum wakilin Sarauta yana bin shawarar Firimiya. Amma Firimiyar da majalisa ta riga ta juya wa baya shawararta ba ta da wannan nauyin, ga zaɓe bai cika wata biyu ba, ga kuma wani a waje da ke da rubutacciyar shaidar rinjaye. Guichon ta ƙi. A daren ta kira Horgan ta tambaye shi ko zai iya samun amincewar majalisa, ya ce zai iya. Ni a wurina daidai ta yi. Mutane sun riga sun yi magana ran 9 ga Mayu, kusan kashi 57 cikinsu sun zaɓi jam'iyyun nan biyu, kuma ba hujja ba ce a mayar da su rumfa don kawai amsar da suka bayar tana da wuyar aiki. An rantsar da Horgan ran 18 ga Yuli da majalisar ministoci rabi mata rabi maza, a daidai lokacin da gobarar daji ta raba dubban mutane da gidajensu a cikin lardin.

Matsalar kakakin da kowa ya ɗauka ita za ta kashe gwamnatin, daga cikin Liberal aka warware ta. Clark ta ajiye shugabancin jam'iyya da kujerarta a farkon Agusta. Ran 8 ga Satumba wani ɗan Liberal daga Abbotsford, Darryl Plecas, ya amince ya zama kakaki ba da yawun jam'iyyarsa ba, suka kore shi. NDP da Green suka ci gaba da hannuwansu 44 cur. Gwamnatin da aka ce ba za ta kai ƙarshen shekara ba ta yi sama da shekara uku.

Wa ya ci riba

An soke kuɗin gada ran 1 ga Satumba. Kafin shekara ta ƙare an hana kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago ba jam'iyyu kuɗi, an ƙayyade gudummawar mutum ɗaya a dala 1,200 a shekara, an kuma sauko da sharaɗin zama cikakkiyar jam'iyya zuwa kujeru biyu. Biyu daga cikin buƙatun Weaver uku sun biya, kuma dokar kuɗin siyasa ita ce abin da ya fi daɗewa daga cikin abin da zaɓen ya haifar.

Sauran kuwa ba su yi wa Green daɗi ba. A watan Disamban 2017 Horgan ya sanar cewa za a ci gaba da Site C, yana cewa an riga an narka kuɗin da ba za a iya watsar da su ba. An ƙiyasta aikin a dala biliyan 10.7 a lokacin, daga baya ya kai biliyan 16. Bututun Trans Mountain da aka yi alkawarin yaƙa, gwamnatin tarayya ta saye shi a 2018 a kan dala biliyan 4.5 ta gina shi da kanta, ya fara aiki a 2024. Gwamnatin NDP ta kuma buɗe wa babban aikin iskar gas na Kitimat hanya, da ƙuri'un Liberal, Green tana adawa. Sai babbar buƙatar, sauya tsarin zaɓe. An yi ƙuri'ar ta gidan waya a ƙarshen 2018, da tambaya mai hawa biyu da tsare-tsare uku waɗanda biyu cikinsu ba a taɓa gwada su a ko'ina ba. Kashi 61 suka ce a bar tsohon tsari, kuma waɗanda suka mayar da takardar ba su kai rabin masu rajista ba. Karo na uku ke nan cikin shekara 13 da lardin ya yi wannan tambaya.

Green tana iya kayar da gwamnati a kan Site C, ba ta yi ba. Na fahimci dalili: kayar da Horgan yana nufin sabon zaɓe kafin ƙuri'ar raba gardama, da yiwuwar dawowar Liberal wadda ita ma madatsar za ta gina. Ƙaramar jam'iyya ba ta da ƙarfi kamar a kwanakin da ɓangarori biyu ke zawarcinta. Daga ranar da ta zaɓi ɗaya ta rufe ƙofar ɗayan, barazanarta ta rage kaifi, kuma NDP ta san da haka.

Yarjejeniyar ta tanadi cewa ba za a kira zaɓe kafin lokacinsa ba, wato kakar 2021. Weaver ya sauka daga shugabanci a farkon 2020. Aka zaɓi Furstenau ran 14 ga Satumban shekarar, bayan mako guda cif Horgan, wanda farin jininsa ya ƙaru saboda yadda lardin ya tunkari annobar korona, ya nemi a rushe majalisa. Furstenau ta ce an saɓa alkawari, kuma ina ganin gaskiyarta ce: Green ba ta taɓa juya wa gwamnatin baya a ƙuri'ar amincewa ba. Masu zaɓe ba su hukunta shi ba. Ran 24 ga Oktoba NDP ta ci kujeru 57, Liberal 28, Green 2.

Jam'iyyar Liberal ba ta sake farfaɗowa ba. Ta sauya suna zuwa BC United a 2023, sannan a watan Agustan 2024 shugabanta Kevin Falcon ya janye ta daga takara, ya bar wa Conservative fili, wato jam'iyyar nan da 'yar takararta ta ɗebi ƙuri'u 2,000 a Courtenay-Comox. Horgan ya bar mulki a 2022, ya zama jakadan Kanada a Jamus, ya rasu a watan Nuwamban 2024 bayan fama da ciwon daji. Makonni kaɗan kafin rasuwarsa lardin ya sake zaɓe. Majalisa ta koma kujeru 93, NDP ƙarƙashin David Eby ta samu 47, Conservative 44, Green 2. Kujerar da ta cika wa Eby rinjaye ita ce Surrey-Guildford, kuma bayan alƙali ya sa ido an sake ƙirgawa, tazarar ƙuri'a 22 ce.